Gwajin gudun manhaja: a kan wace na'ura ake aunawa?

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, sunan manomi ya fara tafiya tare da lambar BVN, girman gona da adadin buhunan takin da ya karɓa. A 2017 kamfanin WACOT ya buɗe masana'antar shinkafa a Argungu, lissafin shanshera ya ƙaru. Littafin magatakarda ya kasa ɗaukar wannan kaya, sai aka koma ga manhaja.

Matasan da ke rubuta irin wannan manhaja, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ne, ko na Kwalejin Waziri Umaru, ko waɗanda suka shiga shirin horarwa na 3MTT bayan 2023, galibinsu yaren kwamfuta na Python suke runguma. Ba laifinsu ba ne: yana da sauƙin koyo, darussansa kyauta ne, kuma shi ake nema a aikin nazarin bayanai. Daga nan musu ke tashi kan yaren da ya fi gudu, kowa na kafa hujja da jadawalin gwajin da aka yi a ƙasashen waje.

Jadawalin ba ƙarya yake ba. Wani bincike da masana a Portugal suka fitar a 2017 kan yarukan kwamfuta 27 ya nuna Python na cin wutar da ta ninka ta C kusan sau 75. A inda ake biyan kuɗi kafin a yi cajin waya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma an yi gwajin ne da lissafi mai nauyi, ba da rajistar manoma ba.

Abin da ya fi tasiri shi ne yadda aka jera bayanan. A ce sunaye 100,000 ne. Manhajar da ke bin su ɗaya bayan ɗaya za ta duba kusan 50,000 kafin ta kai ga mutum guda. In an jera su bisa lamba, ana raba jerin biyu kowane karo, duba 17 ya isa. Python mai kyakkyawan jeri zai bar C mai mugun jeri a baya.

Su ma matasan da ke gwada manhajarsu na tafka kuskure. Java da JavaScript sai sun ɗan ɗumama kafin su kai cikakken gudunsu, don haka awon farko yaudara ne. Mafi muni, a kan laftop ake gwadawa da sunaye ɗari, alhali aikin zai gudana ne a ƙaramar wayar Android, cikin fadama, rana na dukanta, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Sakamakon, manoma ne ke tsaye a layi wayar ta daskare.

Malaman da ke duba aikin kammala karatu su daina karɓar manhajar da ba a gwada ta a kan waya mai araha, da bayanai masu yawa ba.