Fitila, Madubi da Ƙwayar Saiti: Abin da Ke Sauya Harbi a Kano

Bindiga ta daɗe a cikin birnin Kano. Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Magadansu ne muke gani a Hawan Daushe suna tashin albarushi a Ƙofar Kudu, cikin hawan sallar da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Su dai ba ruwansu da saiti, sama suke harbi. Masu ruwa da saiti su ne mafarauta, waɗanda ke fita daga unguwannin birni da ƙauyukan kewaye idan rani ya kama, kuma a cikinsu ne ake gardama yau: dattawa na cewa yaran zamani ba su iya harbi ba, kayan bindiga ne ke yi musu, matasa kuma na cewa zamani riga ne.

Gardamar daga waje ta taso, kuma can tana da dalili. Mai harbi da saitin ƙarfe abu uku yake jerawa a layi ɗaya: tsagar da ke baya, ƙwayar da ke bakin bindiga, da abin da zai harba. Ido ba ya iya ganin ukun tar a lokaci guda, don haka sai an daɗe ana koyo. Madubin hange da na'urar jan ɗigo sun ɗauke wannan wahala, inda ɗigo ya zauna nan harsashi zai je. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya fito da na'urar jan ɗigo a 1975, kuma tun yaƙin Iraƙi da Afganistan ta zama kayan yau da kullum ga sojan Amurka. Bidiyon waɗannan kaya ne ke yawo a YouTube da TikTok, shi yaron Fagge ko Gwale yake kallo.

Sai dai bindigar da ke hannun mafaraucin Kano ba irin waccan ba ce. Ko bindigar toka ce da maƙeri ya ƙera, ko mai cin harsashin katiriji, kuma duka biyun watsa ƙwayoyi suke yi, ƙarfinsu ba ya wuce 'yan gomiyoyin taku. Ɗora wa irin wannan madubi kwalliya ce kawai. Madubi mai araha kuwa da bindiga ta girgiza shi sau kaɗan saitinsa ya goce, ga ƙurar hunturu, ga batir. Doka ma ta taƙaita abin. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku: ta toka kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininta, ta katiriji sai Sufeto Janar, irin ta yaƙi kuwa haramun ce sai da amincewar shugaban ƙasa. Bindigar da madubi zai yi wa amfani na gaske ba ta hannun talaka ta halal.

To me ya sauya? Fitila ce. Tocilar goshi ta China mai caji, wadda ake samu a Sabon Gari da kuɗi kaɗan, ta yi wa farauta abin da madubi bai yi ba. Sai babur da ke kai mutum daji mai nisa cikin dare ɗaya, sai waya. Dalilin karɓarsu ba ragwanta ba ce kaɗai, kamar yadda dattawa ke son a ɗauka. Gonaki sun cinye dajin kusa, nama ya yi ƙaranci, wanda ya rage ya koyi ɓuya da rana. Tsadar rayuwa ta sa harsashi ɗaya ya zama abin lissafi, ba wanda zai ƙona goma don koyon hannu. Kuma saurayin da ke jiran shago a Kurmi ko tuƙa adaidaita-sahu ba shi da shekarun da zai yi yana bin ubangida da ɗaukar masa gora da burgame.

A nan asarar take, kuma ba a ido take ba. Ƙwarewar maharbin gargajiya ba ta taɓa tsayawa ga jera ƙwaya da tsaga ba, don wata bindigar tokar ma ba ta da saitin kirki. Da yake harbi ɗaya gare shi kafin ya sake ɗura albarushi, dole ya matsa kusa. Matsawa kusa ita ta koya masa sanɗa, da bin sawu, da zagayo ta inda iska ba za ta kai wa dabba warinsa ba. Kafin ya taɓa kunama ya daɗe yana kallon abin da ke gabansa, ya san gada ce ko barewa, namiji ne ko mai ciki. Mai fitila idanu biyu kawai yake gani suna ƙyalli, dabbar ta tsaya cak don haske ya ɗauke mata gani, ya sakar mata wuta. Idanun maraƙin Bafulatani ma ƙyalli suke yi. Daga nan rigima da makiyaya take tasowa, daga nan kuma ake ƙarar da naman da za a farauta baɗi. Ba banza ba yarjejeniyar kare namun daji da ƙasashen Afirka suka sa wa hannu a Aljiyas a 1968 ta hana farautar dare.

Amma a faɗi gaskiya, kayan zamani suna da ranarsu. Dattijon da ganinsa ya fara rauni gilashi na mayar masa da abin da shekaru suka ɗauke. Jami'in tsaron da aka tura dajin Falgore da AK-47 mai saitin ƙarfe, alhali abokin gabarsa na iya mallakar madubin ganin dare, ba wanda zai ce masa ya dogara da gwanintar kakanni. Kanawa sun ga wannan tun ran 3 ga Fabrairu 1903, da rundunar Kanar Morland ta zo da igwa da bindigar Maxim, ganuwa da jarumtar mahaya ba su hana ta shiga ba. Ga mai aikin tsaro, ƙin kayan aiki ganganci ne, ko da yake sojojin da suka fi kowa kaya ma suna barin saitin ƙarfe a jikin bindiga don ranar da batir zai mutu.

Mafarauci kuwa lissafinsa daban ne, har ta fuskar tsira da ransa. A ƙarshen Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar dawowa gida Kano daga Fatakwal don yin sallah, bayan an ga bindigogin toka a motarsu an ce masu garkuwa da mutane ne. Idan bindigar toka tsurarta ta jawo wannan, ina ga wadda aka ɗaura wa madubi da jan haske ta yi kama da ta soja?

Sarakunan dawa da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta su ne za su iya gyara, tunda har yanzu ana jin maganarsu. Kada su bar yaro ya ɗaura fitila a goshi sai ya nuna zai iya sanɗar nama da rana tsaka, ya kuma faɗi ko mene ne kafin ya harba.