Gida Mai Ɗakuna 300 Da Aka Sayar Da Araha

A karkarar arewacin Ingila akwai wani tsohon gidan masu sarauta mai suna Wentworth Woodhouse. An gina shi a ƙarni na 18, kuma ɗakunansa sun haura 300. Makarantarmu gaba ɗaya za ta shige ciki har a samu rara!

A 2017 aka sayar da shi haɗe da filayensa kan fam miliyan 7. Ga gida irin wannan, kuɗin ya yi kaɗan. Dalili shi ne rufinsa na yoyo, kuma gyaransa ya fi kuɗin sayen tsada nesa ba kusa ba. Tun a 1946 ma gwamnati ta haƙe lambunansa tana neman kwal.

Wata ƙungiyar adana kayan tarihi ce ta saye shi. Yanzu baƙi na biyan kuɗi su shiga kallo, ana kuma ci gaba da gyara.