Bazara a Babban Duhu: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Yau hirarmu za ta kai mu yammacin Jihar Katsina, garin Babban Duhu da ke ƙaramar hukumar Safana, ƙasar Yariman Katsina, maƙwabciyar Batsari ta Sarkin Ruma. Abin da za mu duba shi ne bazara, da ayyukan da take zuwa da su, da kuma rabon da ke kan ke uwargida, ko da ba kya leƙa ƙofar gida.

Bazara dai ita ce tsakanin ɗagawar hunturu da saukar damina, wato daga wajen watan Maris zuwa Mayu. Hazo ya yaye, iska ta juya, zafi yakan haura digiri 40 da rana. Rafukan yankin ruwan damina suke ɗauka, shi ya sa yanzu sai ki ga yashi fari fat, sai an tona rami kafin a kai ga ruwa. Babban ruwan da ke kwana shi ne na dam ɗin Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, wanda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. Wanda bai san ƙauye ba sai ya ce lokacin zaman banza ne. Ina! Da bazara ake shirya damina.

Maigida yana can yana sharar gona, yana kai taki a mangala ko a amalanke. To, takin nan daga ina ya fito? Daga turken awakinki da akurkin kajinki da tokar murhunki. Saboda haka ki riƙa tara shara wuri guda, ki tsince leda da fasassun kwalabe, domin leda ba ta ruɓewa, kuma idan akuya ta haɗiye ta tana iya kashe ta.

Sai maganar iri, wadda ita ce babba. A gidaje da dama ke ce mai ɗibar hatsi, ke kika san abin da ya saura a rumbu. Don Allah, komai matsi kada a taɓa dammunan da aka ware na iri. Gidan da ya cinye irinsa a Afrilu, a Yuni zai saye shi da tsada ko ya ci bashi. Kuma ga wata dabara da za ki yi a tsakar gidanki. Ki ƙirga ƙwaya 20 ta gero ko dawa ko wake, ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa, kina yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana 5 zuwa 7 ki buɗe. In 16 ko fiye sun tsiro, irin yana da kyau. In rabi ne kawai, ki gaya wa maigida tun da wuri ya nemi wani. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ki tuna masa kuma ruwan farko yakan yi yaudara: a yi shuka, sama ta ɗauke mako biyu ko uku, shukar ta ƙone. A riƙa rage wani abu saboda sake shuka.

Bazara kuma kakar ɗorawa ce. Garinta abin marmari ne ga yara, kalwarta kuwa jari ce. A dafa ta har ta yi laushi, a surfa, a wanke ɓawon, a sake dafawa, a rufe ta kwana 2 ko 3 ta yi, sannan a kirɓa a shanya. Daddawa ke nan, wadda ba ɗanɗano kaɗai take ba miya ba, tana gina jiki kamar wake. Ko kwasfar ba a yar da ita, da ita ake makuba ta yaɓe da daɓe. Haka nan in tumatir da tattasai na 'yan lambu suna araha, ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba, ki yi kauɗa. Da damina ta yi nisa kayan miya sun yi tsada, za ki gode wa kanki.

Sannan lokacin taruwa ne. Maza suna gayyar jinka da yaɓen katanga kafin iskar ruwan farko, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata kuma, a gidajen da ba a sa siminti ba, akan taru a yi daɓen ɗakin amarya, ana bugawa ana waƙa. Da yawa sukan so a gama aure kafin aikin gona ya kankama, sai ki ji biki nan, suna can. Zumunci abu ne mai kyau, biki kuma rance ne da muka gada. Amma 'yar'uwa, ki yi daidai ƙarfinki. Kada ki sayar da tunkiya mai ciki don anko ko don a ce kin fi kowa kayan ɗaki. Guɗa ta yini ɗaya ce, damina kuwa wata huɗu ce, kuma a cikinta ne rumbu ke yin ƙasa.

Dole mu faɗi gaskiya, bazarar yankin nan ba kamar ta da ba ce. A da, samari kan yi farauta a dajin Rugu, makiyaya su yi kiwo, a samo itace da 'ya'yan itatuwa hankali kwance. Matsalar 'yan bindiga ta sauya wannan. A watan Satumba na 2021 har gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin dabbobi na wani lokaci, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Safana da Batsari. Don haka kada ki aiki yaro shi kaɗai neman itace ko ɗorawa nesa da gari. 'Yar talla kuma ta dawo gida kafin magariba. Ribar daddawa ba ta kai ran ɗa ba.

Sai lafiya. Zafi da ƙura da cunkoso a ɗaki su ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa. A 1996 annobarsa ta kashe mutum sama da 11,000 a Nijeriya, ta kuma sake ɓarkewa a 2017 a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Alamominsa su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya da amai. A jariri kuwa, maɗiga takan kumbura, ya ƙi kama nono. In kin ga haka, kada a tsaya jiƙo ko jiran gari ya waye, domin yana iya kisa cikin kwana ɗaya. A nufi asibiti. Tun yanzu ki nemi izinin maigida cewa ko ba ya nan, in ciwo ya taso, za ki fita da yaro. A buɗe tagogi, a rage cunkoso wajen kwana, masu allurar rigakafi kuma in sun zo a fito musu da yara. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i 5 na ƙwayar cutar.

Ruwan da aka ɗebo a ramin yashi ko tafki, a tace, a tafasa, a rufe randa, a ware moɗa guda ta ɗiba. In yaro ya kama gudawa, ki kaɗa ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari na asibiti a lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada kuma ki daina shayarwa.

To uwargida, kin ji. Iri, taki, daddawa, ruwa mai tsabta da lafiyar yara, duk a hannunki suke, a cikin gidanki. Yau da dare in maigida ya ci tuwo ya natsu, ki ɗauko masa maganar iri da ta izinin asibiti. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.