Bindigar Kafaɗa da Bindigar Aljihu

A Rano da Kibiya, maharbi kan ratsa kasuwa da bindigar toka a kafaɗa, kowa na yi masa barka da dawowa, domin an san gidansu da sana'arsa. Amma da an hango libarba a ƙugun mutum ƙarƙashin riga, sai jama'a su dare, zargin fashi ya hau kansa. Mutane na da hujja: ɓoyewar ce ke tayar da hankali.

Dokar Bindigogi ta 1959 ma ta bambanta su. Kwamishinan 'yan sanda ke tsara batun lasisin bindigar toka, libarba kuwa sai da izinin Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da libarba babu izini, ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10.