Goro Ba Ya Biyan Bashin Barci

Duk direban da ya saba da hanyar Kano zuwa Legas ya san lokacin da ake tsoro: daga ƙarfe biyu na dare zuwa kiran assalatu. Hanya ta yi tsit, yaron mota ya daɗe da bingirewa, kai kuma ya fara nauyi. Nan ne ake ɓare goro, ko a tsaya wurin mai shayi a ce ya haɗa mai kauri.

Tun daga farkawar mutum, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kuma yawansa ne ke kawo jin barci. Kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi ba ya rage shi ko kaɗan. Mazauninsa kawai yake tarewa, sai saƙon gajiya ya kasa isa. Gajiyar tana nan, mai ita ne ya daina ji.

A 1997 wasu masana biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada mutanen da aka hana barci. Suka gano cewa wanda ya kai sa'o'i 17 ido biyu, kuzarin hannunsa da idonsa kan ragu kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini, iyakar da ƙasashe da dama suka sa wa masu tuƙi. To, ga direban da ko kusa da giya bai taɓa zuwa ba, amma yana riƙe da sitiyari cikin halin mashayi, kuma ba mai ganin laifinsa. Har yabonsa ake yi, wai namiji ne, ba ya kwana a hanya.

Abin da ke kisa shi ne gyangyaɗin 'yan daƙiƙu, wanda kan zo ko ido na buɗe. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu kenan ta wuce tsawon filin ƙwallo ba kowa a kanta.

Akwai kuma wanda yake kwana a gado amma ya tashi a gajiye. Minshari muke cewa, mu yi dariya. Sai dai idan minsharin yana yankewa, mutum ya yi shiru kamar an shaƙe shi sannan ya zabura da jan numfashi, hanyar iska ce ke toshewa a maƙogwaro, kuma hakan kan maimaitu sau da yawa kafin gari ya waye. Ya fi kama masu ƙiba da kaurin wuya, yana kuma da alaƙa da hawan jini. Yawanci matar gida ce ke fara lura, ita ce kuma ake cewa ta faye ƙorafi. Likita kan tura irin wannan mutum gwajin barci, kuma akwai na'urar da ake sawa a hanci da dare tana tura iska don maƙogwaron ya zauna a buɗe.