Sanar da Maƙwabta Kafin Neman Izinin Gini

A garuruwan Ikara da Maƙarfi da Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, gonakin bakin gari suna komawa fulotai, gidajen bakin titi kuma suna komawa shaguna da wuraren injin niƙa, sai dai mai gini kan fara da neman takarda, maƙwabcinsa ba ya samun labari sai ranar da tifa ta sauke yashi a ƙofar gidansa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a wuraren da ba a ayyana su birane ba. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke rajistar filaye, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini da na sauya amfani, wato mayar da wurin da aka ware don zama ya koma na kasuwanci ko sana'a. Izinin yana nuna cewa hukuma ta amince da zanen ginin, amma ba ya shafe haƙƙin wanda ginin zai cutar, domin ƙofar kotu a buɗe take gare shi, kuma umarnin dakatar da aiki bayan an kai linta asara ce da zaman yini ɗaya a zaure zai iya kawar da ita.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake karantawa a zaurukan ƙasar Zazzau, ya riga dokar zamani magana a kan wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana buɗe taga mai leƙa gidan maƙwabci, da buɗe ƙofa daura da tasa, da yin haƙa mai cutar da shi ko da a cikin mallakar mai haƙar ne. Bene mai kallon tsakar gidan da matan aure ke zaman kulle, da shadda da aka haƙa dab da rijiyar wani, da indararo mai zubar da ruwan Agusta a gindin katangar laka har ta jiƙe ta zube, duk suna ƙarƙashin wannan hukunci. Haƙƙin shuf'a kuwa, wato fifikon saye idan za a sayar da kaso, a mazhabar na abokin tarayya ne, don haka magadan da ba a raba musu gado ba su ne farkon waɗanda ya kamata a sanar.

A Ingila hukuma ce ke sanar da maƙwabta, ta ba su kwana 21 su bayyana ra'ayinsu; a nan hikima ita ce mai gini ya ɗauki nauyin da kansa. Zai gayyaci masu iyaka da shi ta kowace kusurwa a gaban mai unguwa ko dagaci, a taka filin tare, a tabbatar da iyaka kafin a tumɓuke gamba ko aduruku da kakanni suka shuka a matsayin shaida, a faɗi tsayin ginin da mafitar ruwa da sa'o'in da inji zai riƙa aiki. Abin da aka amince da shi a rubuta, da kwanan wata da sa hannun shaidu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi, domin dattawan da suka san iyakar ba za su dawwama ba, kuma 'ya'yan da za su gaji gidajen ba su halarci zaman ba.