Madubi guda ko kaya biyu?

Ɗan'uwa mai karatu, ka san farauta gado ce a ƙasar Arewa. Daga Dogon Dutsi har Tibiri, mahalba na bin zabin daji da zomo da fakara. Yanzu kayan zamani sun shigo. Kafin ka hidda kuɗinka, tsaya ka gane su.

Na farko shi ne madubin hangen nesa, wanda wasu ke ce ma jumel. Duba jikinshi, za ka ga lamba kamar 8x42. Lamba 8 na nufin shina jawo abu kusa sau 8. Zabon da ke mita 80 za ka gan shi kamar shina mita 10. Lamba 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Babban gilashi ya fi ɗaukar haske da asuba da magariba.

Na biyu shi ne ma'aunin nisa. Shina aika wani haske da ido ba ya gani, ya bugi dabba ya komo. Haske na gudun kilomita 300,000 cikin sakan guda. Na'urar ta lissafa lokacin tafiya da komowa, sai ta rubuta maka nisan. Amfaninshi? Harsashi na yin ƙasa in ya yi nisa. Wanda bai san nisa ba sai ya ji ma dabba ciwo, ta gudu ta mutu mushe cikin daji. An yi asara ke nan.

To, akwai madubin da aka haɗa ma ma'aunin nisa ciki. Da shi ba ka ɗauke ido daga dabba, kuma kaya guda za ka rataya. Amma ya fi tsada. In ma'aunin ya lalace, dole ka aika madubin duka wajen gyara, ka zamna hannu wofi. In ko daban suke, ɗaya ya lalace, ɗaya na nan.

Ka tuna da ƙasarmu. Lokacin hunturu, hazo na rage ƙarfin ma'auni. Shi kuma sai da pil. Madubi zalla ba ruwanshi da pil.

Yanzu tambayi kanka: daga ina nake halbi? In da baka kake, ko da bindigar gargajiya, sai ka matso kusa. Idonka da takunka sun isa awo. Sayi madubi mai kyau shi kaɗai. Ma'auni na mai bindigar da ke kai nesa ne, kuma ana iya ƙaro shi daga baya.

Abu na ƙarshe. Dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta ce sai da takardar izini. Je ka ga ma'aikatan gandun daji tukuna. Su za su gaya maka lokacin farauta, da dabbobin da aka hana, irin su raƙumin dawa.

Tambayoyi:
1. Me lamba 8 ke nufi a jikin madubi?
2. Don me sanin nisa ke da amfani ga mahalbi?